An sallama gida, an karɓi kafin alƙalami, dillali kuma bai daina kawo masu kallo ba

Akwai wata tambaya da ke yawan dawowa a wannan lokaci, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, kuma galibin masu yin ta ƴan uwanmu ne da ke waje wajen bida. Mutum yana Abijan, ko Tamanraset, ko Kano, an turo masa hoton gida ta WhatsApp, ƙanensa ya je ya duba, an yi tayi, an yi albarka sau biyu sau uku, daga ƙarshe mai gida ya ce ya sallama. Aka ba da kafin alƙalami. Sauran kuɗin kuwa aka ce sai ya sayar da shagonsa, ko sai banki ya saki bashi, ko sai takarda ta fito. Bayan kwana goma sai maƙwabci ya bugo waya: "Kai, gidan nan da aka ce ka saya, jiya ma dillali ya shigo da wani Alhaji, yana ƙwanƙwasa bango yana leƙa ɗakuna." Shin mai gidan ya ci amana ne, ko kuwa haƙƙinsa ne tunda ba a biya shi ba?

Mu a ganinmu, rigimar tun ranar musabaha aka shuka ta, lokacin da aka watse ba a faɗi abu biyu ba: ranar da jira zai ƙare, da kuma ko mene ne sunan kuɗin da aka miƙa. Mai kallo na biyu yana zuwa ne kawai ya tone abin da aka binne.

Me ya sa abin ya yi yawa yanzu? Saboda kuɗin mai saye ba ya zuwa a ranar da ya yi tsammani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyakoki, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma mutane da yawa sun koyi darasi cewa samun kuɗi a asusu daban, riƙe su a hannu daban. Ga kuma naira. A Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, kusan 656 kowane ɗaya, ba ta motsi. Ɗan kasuwar da ke Kano ko Legas wanda ya yi alkawarin biyan miliyoyin sefa, a wancan lokacin yana kwana yana tashi bashin na ƙara nauyi a nairarsa ba tare da mai gida ya ƙara ko dala ba. Na Libiya da Aljeriya su kuma kuɗinsu galibi ta hannun ƴan canji da ƴan kasuwa yake biyowa, yau a ce gobe, gobe a ce jibi.

A ɗaya ɓangaren masu neman gida sun ƙaru. Daminar 2024 ta rusa dubban gidaje, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Wanda ya kwashe iyalinsa cikin dare daga ɗakin laka, in ya samu hali, gidan siminti a kan tudu yake so. Kun ga ke nan mai saye na farko yana tafiyar hawainiya, na biyu kuma yana bakin ƙofa da kuɗi a jaka.

Bari mu yi wa mai gida adalci tukuna, don shi aka fi zagi a wannan magana. Ba kasafai mutum ke sayar da gida don nishaɗi ba. Ko bashi ya taso masa, ko rashin lafiya, ko rabon gado, ko jarinsa ya karye yana so ya tayar. Idan ya rufe ƙofa ya kori kowa na tsawon wata uku, sannan mai sayen ya bugo ya ce Allah bai yi ba, wa zai biya shi watannin nan? Masu sha'awa sun watse sun sayi wani wuri, kuma unguwa ta fara raɗe-raɗin cewa gidan yana da matsala shi ya sa ciniki ya warware. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutumin da ke ganin alkawari kawai a hannunsa, ba abin mamaki ba ne in ya bar ƙofa a buɗe.

Shi ma mai saye ba wasa yake yi ba. Kalmar nan "na sallama" ita ce ta sa ya fara karya kadararsa: ya sayar da shanu a farashin gaggawa, ya tashi daga adashi, matarsa ta kai gwal kasuwa. Idan aka ce masa an fasa, ba kafin alƙalaminsa kaɗai za a mayar masa ba, an bar shi da asarar da babu mai rubuta ta.

To me doka ta ce? Kundin dokar hulɗar jama'a da muka gada daga Faransa, Kod sibil, ya yi magana a fili. Aya ta 1583 ta nuna ciniki ya ƙullu da zarar an yarda a kan abin sayarwa da farashinsa, ko da ba a biya ba, ko da ba a miƙa kayan ba. Aya ta 1589 ta ce alkawarin sayarwa ma sayarwa ne idan ɓangarorin biyu sun yarda a kan abu da kuɗi. Idan an rataya cinikin a kan sharaɗi, misali samun bashin banki, to yana nan a dakace: in sharaɗin ya cika gida ya zama na mai saye, in bai cika ba ciniki ya faɗi a mayar da kuɗi. A tsakanin nan mai gida a ɗaure yake. Buɗe wa wani ƙofa ya kalli ɗakuna ba ya warware komai, amma karɓar kuɗin wani ko yi masa takarda, wannan ya shiga gonar mai saye na farko, kuma yana iya jawo biyan diyya, har ma da tuhumar zamba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne aya ta 1590. Faransanci yana da kalma biyu ga kuɗin da ake bayarwa tun farko, mu kuma duk kafin alƙalami muke ce musu, ko abans. Idan takarda ta ce arrhes, kowa na da damar janyewa: mai saye in ya fasa ya rasa kuɗinsa, mai gida in ya fasa ya mayar da ninki biyu. Idan takarda ta ce acompte, wannan wani ɓangare ne na farashi, ciniki ya tabbata, babu mai janyewa don ganin dama. Ku duba takardar da ke hannunku, wace kalma ce a ciki? Da yawa za su tarar babu ko ɗaya, an rubuta "na karɓi kuɗi kaza daga hannun wane" kawai aka dangwala yatsa.

Mu yi lissafi da misali, don a ga bambancin. A ce an sallama gida a kan miliyan 12, an ba da miliyan 1 a matsayin arrhes. Wani ya zo ya taya miliyan 14. Mai gida ya mayar wa na farko miliyan 2 kamar yadda doka ta ce, wato ya yi asarar miliyan 1 daga aljihunsa, ya karɓi 14. Ya tashi da 13, ya ci ribar miliyan 1 a kan cinikin farko, kuma doka ba ta kama shi da komai ba. Ɗan uwanmu da ke Abijan yana can yana ganin ya kulle gida da miliyan ɗinsa, alhali ƙofar da ya saya tana da makulli biyu, ɗaya na hannun mai gida.

Amma mu san cewa a garuruwanmu kafin a je gaban alƙali, gaban malam da mai unguwa ake fara zuwa, kuma amsar can ba lallai ta zo daidai da ta Kod sibil ba. Sanannen abu ne cewa hadisi ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan uwansa. Imam Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya fayyace lokacin da hanin ke farawa: sai mai kaya ya karkata ga mai saye, sun fara tsara yadda za a biya da sauran sharuɗɗa. Kafin wannan, mutum goma ma suna iya tayawa, ba laifi, in ba haka ba kowane mai kaya sai ya sayar wa wanda ya fara buɗe baki. Gidan da aka sallama aka karɓi kafin alƙalami kuwa ya wuce karkata. Don haka a wannan ma'auni nauyin bai tsaya kan mai gida shi kaɗai ba, Alhajin da ya san an sallama kuma ya zo ya ɗora miliyan 2 a kai shi ma yana ciki. Wannan ɓangare ba a cika faɗinsa ba, wataƙila don mai ɗorawar galibi shi ne mai ƙarfi a unguwa.

Sai batun cinye kafin alƙalami idan mai saye ya kasa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, ba a yarda da sharaɗin cewa in ciniki ya warware mai kaya ya riƙe kuɗin ba. Hambaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na 1993 a Burunai, da sharaɗin a yanke lokacin jira. Ga shi nan: miliyan ɗaya tak, doka ta ce in arrhes ne mai gida ya riƙe, limamin unguwa ya ce a mayar. Kowa sai ya ruga inda za a ba shi gaskiya. Da an rubuta tun farko abin da za a yi da kuɗin in ciniki ya faɗi, da babu wannan tseren.

Abin da ya fi burge mu a littattafan malamanmu shi ne ba su yarda da jira marar iyaka ba. Ciniki da zaɓi, wato a ƙulla amma a bar wa wani damar tunani ko shawara, ya halatta in an sa masa lokaci, kuma Muhtasar na Halil ya ƙiyasta wa gida wajen wata guda. Mu kuwa sai mu ce "sai kuɗi sun zo", ko "bayan kaka", ko "in Allah ya kai mu bayan Salla". Wace Sallar, ƙarama ko babba? Mai gida yana lissafin ƙarama, mai saye yana lissafin layya.

Kada mu manta da dillali. Shi la'adarsa ba ta fitowa sai kuɗi sun shiga hannu, kuma gida ɗaya kan kasance a bakin dillalai huɗu ko biyar, kowa da nasa mai saye. Wanda ya kawo na farko yana so a jira. Sauran huɗun ba su da ko tamma a cikin jiran nan, ribarsu tana cikin warwarewar cinikin. Sau da yawa ma mai gida bai aika a kawo kowa ba, bai dai aika a daina ba. Wani lokaci kuma da gangan ake yi: a kawo mai kallo da babbar mota a tsaya a ƙofar gida don labari ya kai wa na waje, ya firgita ya ciwo bashi ya biya da wuri, ko ya ƙara wani abu. Akwai dillalai masu amana, mun san su, su ne ke fara gaya wa mai kallo cewa gidan nan akwai magana a kansa. Da wannan jimlar ake gane su.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu ko kaɗan: matan gida da ƴan haya. Kullum a yi sallama a ce su kimtsa baƙi za su shigo, a leƙa musu ɗaki da madafa da makewayi, kuma babu wanda ya gaya musu ko wata nawa ya rage su kwashe kaya. Ko don su kaɗai ya kamata a ce kallon gida yana da rana da lokaci.

Ƴan uwanmu da ke ƙasashen Turawa sun san cewa can ma ana wannan rigima, sai dai sun yi mata ƙa'ida. A lardin Kebek na Kanada, idan mutum ya taya gida da sharaɗin sai ya sayar da nasa, ana rubutawa cewa mai gida zai ci gaba da nuna gidan. In wani tayi ya zo wanda ya gamshe shi, sai ya sanar da na farko a rubuce, shi kuma yana da awa 72: ko ya janye sharaɗin ya tabbatar da saye, ko ya sauka a ba na biyu. A Faransa mai sayen gidan zama yana da kwana 10 na sake tunani bayan sa hannu, kuma in bashin banki aka rataya cinikin a kai bai samu ba, kuɗinsa na dawo masa. Ba mu ce a kwafo awa 72 ba. Mutumin da kuɗinsa ke biyo hanyar Agadas ba zai haɗa miliyan 11 a kwana uku ba. Amma daga Juma'a zuwa Juma'a, ko mako biyu, abu ne da za a iya yarda a kai. Muhimmin abin shi ne na farko ya san ana nunawa tun ranar da ya ba da kuɗi, na biyu ya san shi mai jiran layi ne, kuma kada a karɓi ko jika ɗaya daga hannunsa sai wa'adin ya cika. Idan mai saye ya yarda da haka da bakinsa gaban shaidu, babu wanda ya yi ciniki a kan cinikinsa a ɓoye. Idan kuma yana so a rufe ƙofa ɗungurungum, to ya taƙaita wa'adi ya kuma ƙara nauyin abin da ya ajiye, don ba daidai ba ne a ɗaure gidan miliyan 12 wata shida da jika 200.

Ba kullum sharaɗin ke wuyan mai saye ba. A gidan gado sau da yawa babban wa ne ke sallamawa, ya ce saura ƙannensa mata su yarda, ko saura wani da ke Sudan ya aiko da izini. A nan mai saye ne ke jira, kuma haɗarinsa ya fi girma, don wanda ya karɓi kuɗinsa ba shi kaɗai ke da gidan ba. A fiƙihu ma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi rabon da ɗan uwansa ya sayar wa bare a kan farashin da aka sayar. Wanda zai ba da kafin alƙalami a irin wannan gida, ya nemi ganin takardar gado da sa hannun dukkan magada kafin kuɗi su bar hannunsa.

Takarda kuwa ta danganta da inda gidan yake. A karkara, tun dokar 2 ga Maris 1993 da ta kafa tsarin Kod rural, akwai hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, daga na gari zuwa na komin zuwa na gunduma, kuma suna ba da shaidar sayar da fili. A birni yawancin filaye takardar akt da sesiyon suke da ita daga ma'aikatar magajin gari, inda tun Afrilun 2024 kantomomi ke riƙe da ragama bayan rusa majalisun da aka zaɓa. Wanda ya fi ƙarfi shi ne titir fonsiye. A gidan da ke da titir, idan aka sayar wa mutum biyu, wanda ya riga kai sunansa cikin rajistar hukuma shi ke da ƙarfi, ko da ɗayan ne ya riga ba da kuɗi. Shi sai dai ya bi mai gida da ƙarar kuɗinsa. Saboda haka tambayar da ta fi "ana nuna gidan ko ba a nunawa" muhimmanci ita ce: asalin takardar gidan tana hannun wa a lokacin jira? Idan tana ƙarƙashin katifar mai gida, yana iya miƙa ta ga kowa da daddare. Idan an ajiye ta wurin noter, tare da kafin alƙalamin, to dillalai su kawo masu kallo ɗari, kallo kawai za su yi. Noter yana da kuɗin aiki, gaskiya ne, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Inda babu, a ajiye wurin wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi, a rubuta cewa an ajiye, shaidu su sa hannu.

Wanda ya riga ya shiga ciki fa, kuɗinsa na hannun mutane kuma labarin masu kallo na zuwa masa? Kada ya fara da zagi a saƙon murya, don saƙon nan ana ajiye shi, gobe a kunna gaban mai unguwa. Ya tura wakilinsa da rubutaccen izini, tare da shaidun da suka ga an miƙa kuɗi, a zauna da mai gida a cike gurbin da aka bari: ranar ƙarshe da lambobi, ko za a ci gaba da nunawa ko a'a, kwana nawa za a ba shi in wani ya taya, da abin da zai faru da kuɗin in ya kasa. A haɗa da rasit na kamfanin da aka turo kuɗin ta hannunsa, don shi ne ke nuna rana da adadi da sunan wanda ya karɓa. In mai gida ya ƙi zama, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa, a nemi a rubuta abin da aka cimma ko aka kasa cimmawa a gabansu, da wannan takarda ake wucewa kotu.